Fulas ɗin da Na Zaɓa da Kunne

Haƙƙi biyu ne suka haɗu a kan abin da zan bayyana a nan. Na farko yana wuyan mai sayar da kaya: ya faɗi gaskiyar abin da yake miƙa wa mai saye, musamman idan an sanar da shi cewa maras lafiya ne zai yi amfani da shi. Na biyu yana wuyana: in tabbatar da lafiyar duk abin da zan kai bakin mahaifina. Babu wanda aka sauke daga cikin biyun, kuma dattijon da ba shi da laifin komai shi ya ɗauki sakamakon a jikinsa.

Ni magatakarda ne a wata makarantar sakandare a Kazaure, amma a Roni nake zaune da iyalina. Ajiye bayanai shi ne aikina, saboda haka tun ranar da aka kwantar da Baba na buɗe littafi na musamman. Daga cikinsa na tsamo abin da ke biye, sai wuri ɗaya da zan nuna inda littafin ya yi shiru, kuma shirun laifina ne.

Mako na farko

Baba manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Gwiwa. A tsakiyar bazara, wata Talata da hantsi, yana sharar gona sai fartanya ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin azahar bakinsa ya karkace. Muka kawo shi wani asibiti a Kazaure, muka bi layin kati, muka bi na awo, muka bi na jiran gado, har inuwar bishiyar da muke zaune ƙarƙashinta ta bar mu ta koma wani gefen. Ba zan ɓoye cewa jiran ya ɓata mini rai ba, haka kuma ba zan ɓoye cewa likitar da ta gan mu ta yi aikinta da tsoron Allah ba. Ta ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jikinsa, amma abin ya zo da sauƙi. Haɗiya ce ke yi masa wuya. Maganarta ta zauna mini daram:

"Abinci mai laushi, mai ɗumi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa."

Muka raba aiki. Yayata Asabe ta baro Gwiwa ta tare a gefen gadonsa. Matata Rabi ta ɗauki nauyin dama kunun gyaɗa da madara kowace asuba. Ni kuma in ɗauko a babur in kawo kafin in wuce wurin aiki.

Sai matsala ta ɓullo ta inda ba mu zata ba. Hannun hagun Baba bai saba da kofi ba, kunun yakan malale masa a gaban riga. Da Yaya Asabe ta kawo cokali za ta ba shi a baki, sai ya juya fuskarsa bango. Mutum ne da tun tasowata ban taɓa ganin wani ya riƙe masa ko buta ba. Na gane cewa abin da yake bukata shi ne ƙaramin fulas na ƙarfe, irin wanda ake kurɓa ta murfinsa, wanda zai riƙe da hannu ɗaya, ba ya yoyo, ya kuma ajiye masa kunun da ɗuminsa ya riƙa sha a hankali har yamma.

Na shiga kasuwa, na tsaya a wani shago da aka jera su sahu-sahu. Ina yaro na taɓa raka Baba sayen fulas, irin na da mai kwalba a ciki. Ya cire murfin, ya kara bakin a kunnensa, sannan ya kara a nawa, ya ce idan na ji yana ƙugi kamar iska a bakin rijiya, to lafiyayye ne. Abin da na yi ke nan. Na ɗauki wani mai launin toka na kara a kunne. Hayaniyar kasuwar ta ja baya. Na ji iska tana bi tsakanin duwatsu, na ji kamar ruwa yana sauka a wata gona mai nisa da ban san mai ita ba. Na daɗe a haka.

"Malam, ai kai gwani ne," in ji mai shagon. "Wannan ka zuba da asuba, har isha'i sai ka hura kafin ka sha."

Na ce masa mahaifina ne ke kwance a asibiti, shi zan kai wa.

"Allah ya ba shi lafiya. Kai masa da zuciya ɗaya."

A jikin kwalin ma an rubuta cewa yana riƙe zafi da sanyi tsawon wuni. Na adana kwalin, kamar yadda nake adana komai.

Mako na biyu

Wannan ne makon da na fi jin daɗinsa, kuma shi nake kunyar tunawa. Nakan baro Roni gari bai gama wayewa ba, fulas yana cikin jakar da na rataya a ƙirji. Gonaki a share suke, jajaye, suna jiran ruwa. Duwatsun Kazaure sukan fito daga nesa ɗaya bayan ɗaya, kamar garken da ya kwana a tsaye. Duk tsawon hanyar ɗumin fulas ɗin yana ratsa jakar yana shiga haƙarƙarina, sai in ji kamar gidana ne gaba ɗaya na ɗauko zan kai wa Baba. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba, wannan ɗumin da nake ji daga ina yake fitowa, kuma me zai rage a ciki idan ya gama fita.

Baba ya karɓi fulas ɗin da murna. Yakan ajiye shi a gefensa na hagu, ƙarƙashin mayafi, ya kurɓa lokacin da ya ga dama. Babu mai taɓa shi, domin a gidanmu ba a buɗe kwanon babba. Da yamma idan na zo tafiya sai ya miƙo mini shi babu ko ɗigo, ya ce da harshensa mai nauyi, "Ka ce wa mutanen gidanka an gode."

Dole in yi bayani a nan. Tun da na auri Rabi, Baba bai taɓa kiran sunanta ba, ita kuma ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Idan ta zo gaisuwa takan durƙusa daga bakin ƙofa, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Wannan kunya ce ta suruki da suruka, ba ƙiyayya ba. Duk maganar da ke tsakaninsu kwano ne yake ɗaukarta. Ta aiko shi cike, ya mayar da shi wayam. Idan ya rage abinci, ya faɗi abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba.

Ranar Laraba ta wannan makon, ina ɗaura jaka, Rabi ta ce, "Malam, fulas ɗin nan in na zuba kunu jikinsa ɗaukar zafi yake, sai da tsumma nake riƙe shi."

"Alamar yana aiki ke nan," na ce.

"To, da yamma in na buɗe zan wanke, warin da nake ji bai kwanta mini ba."

"Abin da ya wuni ba a wanke ba, ƙamshin turare kike so ya yi?"

Ta ce, "To, Malam," ta koma madafi. A littafina na wannan rana na rubuta awon jinin Baba da adadin takun da ya yi a baranda. Maganarta ban rubuta ba.

Mako na uku

Ciwon ciki ya fara da murɗa bayan la'asar, sai gudawa, sai amai. Da safe yakan ɗan farfaɗo, da yamma ya koma. Idanunsa suka faɗa, fatar hannunsa idan an ja sai ta tsaya. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka aike mu ɗakin gwaji, muka koma bin layi. Aka tambayi abin da yake ci, muka ce kunu ne sabo, kullum da asuba ake dama shi, kuma gaskiya muka faɗa.

Zazzaɓi ya riƙa ɗaukarsa da rana tsaka ya kai shi wani wuri. Yakan buɗe ido ya kalli silin ya ce hadari ya haɗo ta gabas. Yakan kira mahaifiyarmu, wadda ta rasu da daɗewa, ya ce ta fito da irin gero daga rumbu, ƙasa ta jiƙu. Wata rana ya kama hannuna ya ce gonar ta yi kore har bakin hanya, me ya sa na bar shi a kwance. Na leƙa taga, rana ce kawai ke dukan kwanon ɗakin awo. Na rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, domin ban san ko ita ce ta ƙarshe ba.

'Yan dubiya suka zo da shawarwari. Wani ya ce zuma da man shanu. Wata ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, a mayar da shi gida a nemi taimako. Na gode wa kowa, ban bi ko ɗaya ba.

Likita ta tsayar da abinci ta baki na kwana biyu, Baba ya samu sauƙi. Aka dawo da kunu, ciwo ya dawo da ƙarfinsa. A ranar ne Yaya Asabe ta ja ni baranda.

"Kai mai boko ne, ni ban yi ba, amma ina da ido," in ji ta. "Abin da ke shiga cikin tsohon nan daga gida ɗaya yake fitowa."

"Yaya, ki yi a hankali."

"A hankali zan yi har a fitar da shi a makara? Ko kunun jiya take ɗumamawa, ko tukunyarta ce ba ta ganin sabulu. Daga yau kada ka sake kawo mini komai daga hannunta."

Maganar ta riga ni isa Roni. Na tarar da Rabi ta fito da tukwanenta duka tana dirza su da toka, har da waɗanda ba ta taɓa dama kunu a cikinsu ba. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce kawai, "Yaya jikin Baba?" Ni kuma ban kare ta ba, domin a cikin raina na fara shakka.

Mako na huɗu

A bakin ƙofar asibitin akwai wani mai shayi, Malam Idi, mutumin Babura. Tun da aka hana kunun Rabi, Yaya Asabe ke haɗa wa Baba koko da kanta, ni kuma in karɓo mata tafasasshen ruwa. Wata safiya na miƙa masa fulas ɗin Baba. Ya cika shi, ya rufe, ya riƙe shi jim kaɗan, sai ya dire shi a tebur yana yarfe hannu.

"Malam, wa ya sayar maka da gwangwani mai kwalliya?"

Na ce masa fulas ne, kuma na gwada shi kafin in saya.

"Taɓa nawa."

Na dafa babban fulas ɗinsa da ya cika tun asuba. Jikinsa sanyi ƙalau. Ya buɗe, tururi ya taso.

"Fulas na gaske marowaci ne," in ji shi. "Ba ya ba ka zafinsa ta waje. Naka kuwa mai kyauta ne, kafin hantsi ya rabar da komai. Da me ka gwada shi?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya dafa benci, sannan ya ɗauki wani gwangwanin madara da ya juye, ya kara mini a kunne. Na ji iskar nan tana bi tsakanin duwatsu. Na ji ruwan nan yana sauka a gona mai nisa.

"Ka ji ko? Shi ma nawa za ka saya?"

Ban iya yin dariya ba. Ranar Asabar na roƙi Rabi ta dama kunu kamar yadda ta saba, na zuba a fulas ɗin, na ajiye shi ƙarƙashin mayafi, na zauna da littafi da agogo. Da hantsi zafi ya tafi, sai ɗumi kamar na jikin mutum. Da azahar ya fara kumfa. Da la'asar na kurɓa, na fita da gudu na tofar. Abin da mahaifina yake shanyewa ke nan kullum, har ɗigon ƙarshe.

Na kai wa likita bayanin a rubuce. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Abinci mai madara, bai yi zafi ba, bai yi sanyi ba, a cikin wannan bazarar? Ai gona kuka share wa ƙwayoyin cuta."

Na je na durƙusa a gefen gadon Baba. Yaya Asabe tana zaune a tabarma.

"Baba, kun san kunun nan yana yin tsami da yamma?"

Ya kalli silin ya ce, "Na sani."

"To me ya sa ba ku faɗa ba?"

"'Yar mutane ta tashi da asuba saboda ni. Na ɗauka hannunta ne ya kuskure. In na rage, za a tambaya. In aka tambaya, za a ji." Ya numfasa. "Na ce bari in rufa mata asiri."

Yaya Asabe ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Washegari ta hau acaɓa da kanta har Roni. Ban kasance a wurin ba, amma Rabi ta ce daga bakin ƙofa ta fara magana: "Rabi, ki yafe mini, bakina ya riga hankalina." Ni ma na nemi gafararta a ranar, na kuma buɗe littafina a shafin Larabar nan, na rubuta maganarta a gefe da jan biro.

Mako na biyar

Malam Idi ya kwatanta mini rumfar wani ɗan'uwansa mai sayar da fulas a Babura. Na je ranar kasuwa da sharaɗi: ba zan sayi komai ba sai na gwada. Mutumin ya amince, ya ce wanda ya san kayansa ba ya tsoron ruwan zafi. Na cika guda uku da tafasasshen ruwa, na rufe, na kife kowanne a kan farar takarda, na girgiza shi, na kwantar da shi. Ɗaya ya jiƙa takardar, na ware shi. Na dafa jikin sauran biyun, sanyi. Na duba ko robar murfin tana cirewa a wanke ƙarƙashinta, da ko bakin yana da faɗin da soso zai shiga har ƙasa. Sannan na zauna a rumfar daga hantsi har aka kira azahar, ina kallon fatake suna ciniki rabi da naira rabi da sefa, barci yana fizgata. Da na buɗe, ruwan bai shawu ba sai da na hura. Na ɗauki biyun: ɗaya na kunu, ɗaya na ruwan sanyi mai gishiri da sukari da aka ce ya riƙa sha.

Likita ta ƙara da gargaɗin da nake so mai karatu ya riƙe: ko fulas ɗin ya kai inda ya kai, kada abinci mai madara ya wuni a cikinsa. Saboda haka Rabi ta koma gidan ƙanwar mahaifiyarta a Kazaure, tana damawa sau biyu, safe da azahar. Gudawa ta tsaya a kwana na uku. Baba ya daina ganin hadari a silin.

Na koma wurin mai shagon farko da fulas ɗinsa. Ya ce haka ake kawo musu, shi ba shi ya ƙera ba. Na kai wa mai walda ya yanka shi biyu: ƙarfe ne siriri ciki da waje, da wani farin soso a tsakani. Ranar da na koma wurin mai shagon, irinsa suna nan jere a shagonsa, wata mata mai goyo ta kara ɗaya a kunnenta tana murmushi. Na yi mata bayani, mai shagon ya ce in bar masa wuri.

Mako na shida

Aka sallame mu. Muna kan hanyar Gwiwa iska ta juya, ƙamshin ƙasa ya shigo motar, ruwan farko ya sauka. Baba ya sa aka sauke gilashi, ya miƙa hannun hagu waje har muka isa. Bai riƙe fartanya a wannan daminar ba, amma an kai masa kujera bakin gona, ya zauna da fulas a cinyarsa yana gyara wa masu shuka layi.

Rabi ta bi mu ƙauye na 'yan kwanaki. Wata yamma Baba ya miƙo mini fulas, na ji da nauyi. Na buɗe, kusan rabi ya rage. Tana durƙushe a bayan zana, ya san tana jin sa. Ya ɗaga murya yadda harshensa zai iya.

"Ka ce wa Rabi'atu sukarin yau ya yi yawa."

Na ji ta yi wata 'yar dariya a bayan zanar, dariyar ta karye a tsakiya. Ta ce, "To, Baba, za a rage."

Bukatata

Ina godiya ga Allah da ya tashi kafaɗar mahaifina, ga ma'aikatan da suka yi jinyarsa, ga kuma mai shayin da ya ga abin da karatuna bai nuna mini ba. Nawa laifin na amsa shi a rubuce. Saura na wasu.

Bisa haka, cikin girmamawa, ina roƙon shugabannin 'yan kasuwa na yankinmu da hukumar da alhakin duba ingancin kaya ya rataya a wuyanta da su binciki inda irin wannan fulas yake shigowa, da wanda ya buga alkawarin da ke jikin kwalinsa, su kuma janye shi daga shaguna har sai an tabbatar da gaskiyarsa. Ina roƙon a umarci masu sayarwa su bar mai saye ya gwada da ruwan zafi kafin ya ɗauka. Ina kuma roƙon masu kula da ɗakunan marasa lafiya su riƙa tambayar masu jinya ba abin da suka kawo kaɗai ba, har da abin da suka zubo shi a ciki da lokacin da ya ɗauka a rufe. Ba na neman a mayar mini da komai.

Ɓarin fulas ɗin biyu, da kwalinsa, da littafina, suna ajiye a wurina, kuma a shirye nake in gabatar da su duk ranar da aka kira ni. Abu ɗaya nake roƙon wanda za a ɗora wa binciken: ya zo da ruwan zafi da agogo, kada ya kara shi a kunne.